Liyarin Iya Zaliha a Gindin Turke

Iya Zaliha ta yi shekara ashirin da uku tana shara a kan dukiyarta kowace safiya, ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Da ta tashi faɗa kuwa, sai ta faɗa a lokacin da bai dace ba, domin a watan ne ta zuba wa miya gishiri sau biyu, ta kuma kira jikarta Nuriyya da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun Njamena tana amsa sunan Fort-Lamy. To tsohuwar da ta yi waɗannan a wata guda, in ta wayi gari ta ce akwai tukunyar azurfa binne a tsakar gida, ai ka san irin kallon da za a yi mata.

Dole ce ta sa ta buɗe baki. Babban ɗanta Kamaluddeen ya gama gininsa a unguwar Guji, ya kuma shawo kanta a kan a sayar da tsohon gidansu na unguwar Amrigebe, wanda kowace damina sai ya sha ruwa. Wani ɗan kasuwa da ya zo daga Kano bara shi ya saya, kuma bai ɓoye ba, rushewa zai yi ya malale wurin da siminti ya yi ɗakin ajiyar kaya. Ya ba su zuwa ƙarshen watan Mayu. Da Iya ta ji maganar siminti, sai ta kira ɗan nata ɗaki ta saki labule.

Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Baban Nuriyya, akwai ajiyata a gidan nan."

Ta ba shi labarin tiryan-tiryan. Shekarar 1980 ce, da yaƙi ya shigo tsakiyar gari, mutane suna ta tsallaka kogin Shari zuwa Kusiri. Da safe ne, mahaifinsa Malam Ilyasu ya tafi bakin ruwa neman kwalekwale, su yara an riga an tura su gaba. Ita kaɗai ce a gida, bindigogi suna ta amsa wa juna. Ta ɗauko liyarin da ta gada daga mahaifiyarta, tsohon kuɗin azurfa mai hoton wata sarauniyar Turawa mai kumatu, wanda kakarta ta zo da shi daga ƙasar Hausa a ɗaure a ƙugu. Ta naɗe shi a tsohon rawanin Malam, ta cusa a ƙaramar tukunya, ta kife mata kwanon sha mai hoton jan zakara. Ta haƙa rami kamu ɗaya a gindin turken akuya, taku uku daga darbejiya in ka nufi bangon yamma, ta binne.

Kamaluddeen ya ce, "Iya, da muka dawo fa? Me ya hana ki tonewa?"

"Da muka dawo me muka tarar? Ko ƙofa ba a bar mana ba. Abin da ke ƙasa ne kaɗai bai yi ƙafa ba, sai na ce ya yi zamansa. Kuma garin nan, yaushe ya taɓa zama lafiya shekara biyar a jere?"

"Baba ma bai sani ba?"

"Allah ya jiƙan Malam, bakinsa ba ya riƙe magana."

Gaskiya Kamaluddeen bai ƙi ta tata ba da farko. Ya kawo leburori biyu, suka haƙa inda ta nuna, har kamu biyu, ninkin abin da ta faɗa. Suka fito da silifa ƙafa ɗaya da gwangwanin kifi. Bayan kwana uku ya sake kawo su, suka matsa gefe suka sake haƙawa, suka rufe, suka karɓi ladansu suna murmushin da Iya ba ta so ba. Kafin mako ya zagayo, duk layin an ji cewa Iya Zaliha mai turare tana neman azurfa a tsakar gida.

Sai kuma tsautsayi ya ƙara mata da nasa. Sana'arta ke nan haɗa turaren wuta da humra, kuma shekara da shekaru ita da kanta take shiga mota ta kai wa masu sari a unguwar Mursal. Ran nan aka toshe hanya saboda gyara, direba ya zaga ta wani lungu, ya sauke ta inda ba ta saba sauka ba. Ta tsaya da ƙullin kayanta tana dube-dube, minti nawa ne ma, sai ga wata maƙwabciya ta gan ta, ta riƙo hannunta har gida kamar wadda ta tsinci yarinya. Maƙwabciyar nan da ta tashi ba da labari, sai ta ce ta sami Iya tana yawo ba ta san inda take ba.

Washegari Kamaluddeen ya turo matarsa Fadila ta zauna da ita har ranar tashi. Ya sayo kwaɗo ya maƙala a ƙofar gida ta ciki, ya ba Fadila makullin. Ya durƙusa gaban uwarsa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce daga yau in za ta fita a raka ta, kayan turare kuma ta bari zai sa a riƙa kai mata. Ba da mugunta ya yi ba, idonsa har ya ciko. Wannan tausayin shi ya fi ƙona mata rai, da faɗa ya yi mata da ta san abin da za ta ce masa.

Iya ta san kwaɗo a ƙofa. Mahaifiyarta Hauwa haka ta ƙare, tana fita da tsakar rana neman mijin da ya rasu shekara talatin, tana rantsuwa da Allah ta bar tuwo a wuta a wani gida da babu shi. Kuma ba kowa ne ya riƙe makulli a wancan lokaci ba sai ita Zaliha. Ta tuna yadda tsohuwar take faɗin abin da babu da cikakken yaƙini, ko ƙifta ido ba ta yi. Shi ya sa yanzu in ta zauna a tabarma tana kallon darbejiya, sai gabanta ya faɗi. Tana ganin jan zakaran nan a idonta, tana jin sanyin ƙasar a yatsunta. To amma Hauwa ma ai tana ganin tuwonta. Tsoro ya kama Iya Zaliha sosai, azurfar ma ta daina damunta, abin da take so ta sani kawai shi ne ko kanta yana nan.

Ana saura kwana tara a tashi, Lukumanu ya zo gaishe ta. Ɗan yayanta ne, tsohon soja, dogo kamar gora, yanzu yana aikin cire nakiyoyi a arewa, ya zo hutu. Kunnensa na hagu ya mutu tun a soja, saboda haka in yana magana har maƙwabta sai sun amfana. Ta jira Fadila ta shiga madafi, ta matso ta ɓangaren kunnen mai rai.

"An ce kuna da abin da ke jin ƙarfe a cikin ƙasa."

"Detekter? Akwai, Goggo!" ya faɗa da ƙarfi, har Fadila ta leƙo. "Akwai wata tsohuwa a gidana, an yi mata ritaya, na gyara ta. Pil kawai zan saya, wato batir."

"Tana jin azurfa?"

"Ko allura ce sai ta tona mata asiri."

"To ka zo da ita ran Lahadi. In ta ce babu, na yarda babu, ba zan sake magana ba."

Ta faɗi haka ne tana sane da abin da ta ɗora a kai.

Ran Lahadi da hantsi Lukumanu ya sauka daga babur da doguwar jaka. Kamaluddeen ya riga shi isowa, fuska a ɗaure, ya rufe ƙofa don kada 'yan kallo su cika gidan. Na'urar ba wani abin a zo a gani ba ce, sanda ce mai faifai a ƙasa, an naɗe mariƙinta da robar taya, sai wata waya da ke zuwa kunne. Lukumanu ya maƙala abin ji a kunnen dama, ya yi bismilla, ya fara shara da faifan a saman ƙasa, dama da hagu, a hankali kamar mai tsoron tayar da jariri.

Bai yi taku biyu ba ta yi tsuwa. Iya ta miƙe tsaye. Ya tsuguna ya tona da wuƙa, ƙusa ce. Ya ƙara gaba, marfin kwalbar lemo. Sai wani cokalin shayi da Iya ta yi wata biyu tana zargin yaran maƙwabta a kansa. Na'urar nan ba ta da kawaici ko kaɗan, duk abin da gidan ya yar cikin shekarun nan sai da ta kai ƙararsa. Fadila ta kawo tire ana tara tarkacen, har ta fara dariya, ta dubi fuskar mijinta ta haɗiye.

Da ya iso taku uku daga darbejiya, sai tsuwa ta ɗauke. Ya zaga wurin, ya sake zagawa. Ya murɗa wani maɓalli, ya gwada faifan a kan agogonsa ya ji tana aiki, ya mayar ƙasa. Shiru. Ya faɗaɗa har bangon yamma, ya dawo ta ɗaya gefen bishiyar, ya yi wajen rabin awa a wurin, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Daga ƙarshe ya cire abin kunnen ya rataya a wuya. Yau muryarsa ta yi ƙasa, abin da ba a saba ji ba.

"Mafi, Goggo. Babu komai a nan."

Kamaluddeen ya ce, "Kalas, shi ke nan. Iya, ki yi haƙuri. Mun yi iya ƙoƙarinmu."

Iya ta zuba wa gindin darbejiya ido. Ashe haka abin yake farawa, ba ciwo, ba zazzaɓi, kana zaune da saninka sai a ce maka babu. Ta dubi kwaɗon da ke ƙofa, ta ce a ranta, to Zaliha, yau layi ya zo kanki. Amma ba ta yarda ta yi kuka a gaban suruka ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Lukumanu, ka sha rana. Zo ka karɓi turare ka kai wa matarka."

Ta shiga ɗakinta, ya biyo ta. Ɗakin nan shi ne mafi tsufa a gidan, shi kaɗai yaƙi ya bari da bangonsa huɗu. Lukumanu ya sunkuya, amma bai sunkuya yadda ya kamata ba, goshinsa ya daki katakon saman ƙofa, ji kake ƙum.

"Wayyo Allah! Goggo, wane gajere ne ya gina muku ƙofar nan?"

Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kai dai ba ka iya shiga ɗaki ba. Malam ya fi ka tsawo, kuma da rawaninsa yake shiga nan bai taɓa sunkuyawa ba."

Hannunta yana cikin kwalbar turare ta tsaya cak. Ta juyo ta dubi ƙofar. Ta dubi ƙafar Lukumanu, wanda ya sauko matakala biyu kafin ya taka daɓen ɗakin. Saukowa! Ita da aka kawo ta gidan nan, hawa ake yi a shiga ɗakin, dakali ne mai tsawo har yara suna zama a kai suna lilo da ƙafa. Yaushe dakalin ya ɓace? Ta ture Lukumanu gefe ta fito, kwalbar a hannu.

"Baban Nuriyya! Amalanke nawa na ƙasa kake zubawa a tsakar gidan nan kowace shekara?"

Kamaluddeen ya dubi matarsa, irin kallon nan na an fara. Ya ce, "Iya, ki zauna ki huta."

"Tambayarka na yi."

"Uku. Wata shekarar huɗu."

"Kafin kai, Malam ma haka. Tun da muka dawo daga Kusiri, akwai daminar da ba a yi ciko ba?"

Babu. Duk mai gida a unguwar ya san wannan aikin. Ƙasar wurin laka ce, ba ta shan ruwa, ga layi kullum ƙara tudu yake da shara da ɓaraguzai. In ba ka ɗaga tsakar gidanka kafin ruwan farko ba, ruwan layi a ɗakinka zai kwana. Saboda haka kowane watan Mayu sai a sayo ƙasa a baza, a daddaɓe, yatsa uku ko huɗu, ba wanda yake lura. Kamaluddeen da hannunsa yake biyan masu amalanke, amma bai taɓa tara shekarun a kansa ba.

Iya ta ce, "Kamu ɗaya na haƙa, ban ƙara ba. Amma daga ƙasar wancan lokaci. Leburorinka a cikon bana da na bara suka yi ta wahala." Ta juya ga Lukumanu ta ɗaga murya. "Abin nan naka, zurfin nawa yake ji?"

Lukumanu yana murza goshi ya ce, "Kamu ɗaya, in abu babba ne da ɗan ɗori. Nakiya ai ba a binne ta da zurfi." Sai ya saki baki, ya dubi ƙofar da ta buge shi, ya dubi gindin darbejiya, wadda rassanta na farko suke daidai kafaɗarsa. "Wallahi Goggo ta fi mu kai. Ya akhi Kamalu, kawo shebur."

Kamaluddeen yana tsoron rami na uku, domin in aka sake fitowa hannu wofi, bai san yadda uwarsa za ta ɗauka ba. Iya ma tsoron take ji, sai dai ta riga ta ga matakalar nan biyu da idonta, kuma kowa ma yana ganinsu. Ta ce, "In ba za ka haƙa ba, ba ni, na taɓa yi." Sai ya tuɓe rigarsa ta shadda ya miƙa wa Fadila, ya je ya aro diga da shebur a maƙwabta.

Mutum biyu da suka haura arba'in, Lukumanu da Kamaluddeen ɗan kasuwar da rabonsa da shebur tun yana makaranta, suka kama haƙa a zafin Mayu. Fadila tana ta jigilar ruwa. Iya ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a bakin ramin, ba wanda ya isa ya tashe ta. Da suka wuce inda leburori suka tsaya, bangon ramin ya fara nuna ƙasa hawa-hawa, kowace da launinta.

Iya ta nuna da kara. "Wannan farin yashin na shekarar da aka haifi Nuriyya ne, daga bakin kogi ka sayo, na ce maka ba ya kama ƙasa ka ƙi ji."

Kamaluddeen ya ɗago ya dube ta, ya koma haƙa.

"Baƙar nan ta shekarar da Malam ya rasu ce, Audu mai jaki ya kawo, rabinta toka. Ku ci gaba, za ku tarar da ja mai kauri, ta shekarar babban ruwa, tamanin da takwas. Amalanke tara Malam ya zuba."

Suka ci gaba. Aka yi azahar, suka yi salla da ƙasa a gwiwa, suka koma. Can sai ga jar ƙasa, kaurinta ya kai taƙi guda. Kamaluddeen ya tsaya ya dafa shebur yana haki, ya daɗe yana kallon jan layin nan. Kunya ce ta fara kama shi, kuma Iya ta gani, ta bar shi da ita.

Wajen la'asar ramin ya kai ƙirjin Kamaluddeen. Diga ta fara fito da toka da gawayi da guntayen kwanon rufi da ya ƙone. Lukumanu ya ce a dakata, ya tsince wasu kwanson harsashi da suka yi kore. A kusurwa kuma ga wani guntun ice a tsaye, baƙi ƙirin, kansa a ƙone, da sauran igiya da ta ruɓe a wuyansa.

Iya ta ce, "Turken ke nan."

Aka miƙa wa Lukumanu na'urar a cikin ramin. Faifan bai gama sauka gindin turken ba ta tsala wata irin ƙara, har na waje suka ji ta daga abin kunnen. Fadila ta yi guɗa. Amma Lukumanu bai yi dariya ba, fuskarsa ta canza, ya ɗaga hannu.

"Kowa ya ja baya. Kamalu, fita daga ramin nan a hankali, kada ka jefar da diga."

"Lafiya?"

"Ƙarfe ne babba, kuma a ƙasar shekarar yaƙi muke. Na sha tono harsashin igwa da bai fashe ba a wuri irin wannan. Ku shige bayan bango."

Murna ta koma ciki. Kamaluddeen ya fito ya kama hannun uwarsa, suka shige ɗakinta su uku, suka tsaya a bayan bango mai kauri. Iya ta leƙa ta gefen labule, ba ta ganin komai sai bakin ramin da ƙasar da ke tashi kaɗan-kaɗan. Lukumanu ya ajiye shebur, da wuƙa da yatsu yake tono. Ta kama salati. Yanzu tsoro ya zama biyu, ga ɗan yayanta a rami saboda maganarta, ga kuma tunanin in harsashi ne, to turke ya fito amma tukunya babu, kuma ta koma inda ta fito. Kamaluddeen bai saki hannunta ba, tafinsa duk ya yi kanta ya fashe. Wata kaza ta zo ta tsaya a bakin ramin tana leƙe, ba wanda ya iya korarta.

Sun fi minti ashirin a haka. Sai muryar nan da duk layi ya sani ta taso daga ƙasa.

"Goggo! Zakaran naki ja ne ko?"

Iya ta saki labulen, ta zauna daɓas a kan matakala. Ta ce, "Ja ne. Da tsaguwa a wajen wutsiya."

"Ga tsaguwar nan kuwa!"

Ashe kwanon shan ne, da yake na ƙarfe ne, ya sa na'urar ihu. Lukumanu ya miƙo tukunyar da hannu biyu, Kamaluddeen ya karɓa ya kawo gaban uwarsa ya ajiye. Tsatsa ta cinye gefen kwanon, amma zakaran yana nan da jan tukkunsa. Da aka ɓamɓare shi, rawanin Malam ya fito ya zama kamar ganyen da ya sha damina, yana taɓuwa yana marmashewa. A ciki liyari ne jingim, sun yi baƙi sun manne da juna. Fadila ta goga ɗaya a bakin zanenta, kumatun sarauniya suka fito fes.

Iya ba ta ko miƙa hannu ta taɓa su ba. Ta ɗauki kwanon ta riƙe a cinya tana shafa zakaran da babban yatsa, sai hawayen da ta hana fita tun safe suka zubo. Daɗi ne ya kama ta, irin wanda mutum yake ji in zazzaɓi ya sake shi. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ina nan." Ta sake cewa, "Ashe ina nan."

Kamaluddeen ya durƙusa a gabanta da singileti, ƙasa har gira. Ya ce, "Iya, ki yafe mini. Ni na yi ta zuba miki ƙasa a kai, na dawo ina cewa..."

Ta ce, "Tashi, ka yi abin da ɗa yake yi. Ni ma na taɓa yi wa tawa uwar. Gishiri kuwa na zuba sau biyu, ban musa ba, kuma zan ƙara. In ranar ta zo da gaske, ka sa kwaɗonka, ba zan riƙe ka a zuciya ba. Amma ba ta zo ba tukuna."

Lukumanu ya fito daga rami yana kakkaɓe wando, ƙulun goshinsa ya yi tsini. Ya ce shi dai a rubuta cewa goshinsa ne ya gano azurfar, na'ura taya shi kawai ta yi. Fadila ta kawo shayi, suka zauna a inuwar darbejiya, ana ta buga ƙofa daga waje, don guɗar ɗazu da ihun Lukumanu sun tara rabin layi. Kamaluddeen ya ce a bar su su buga. Ya tambayi uwarsa ko a kai tukunyar Guji yau ɗin nan a kulle a sef.

Ta ce, "Kai ta duk inda ka ga dama. Fadila, ina makullin?"

Fadila ta dubi mijinta. Shi ya miƙe ya karɓa daga hannunta, ya je ya buɗe kwaɗon, ya cire shi gaba ɗaya daga ƙofar, ya dawo ya sa makulli da kwaɗo a tafin uwarsa da hannu biyu. Iya ta jefa kwaɗon cikin tiren tarkace, tare da ƙusoshi da marafan kwalba. Makullin kuwa ta ƙulle shi a bakin zanenta, ko da yake ba abin da zai ƙara buɗewa.

Washegari da sassafe ta ɗaure kwalaben humra da turaren wuta a ɗankwali, ta zaga ramin da ba a rufe ba, ta buɗe ƙofa da kanta. Maƙwabciyar nan tana shara a ƙofar gida, ta yar da tsintsiya ta taho da sauri tana cewa bari ta raka ta bakin titi.

Iya Zaliha ta ce, "Yi shararki, 'yar nan. Na san hanya."

Ta tsayar da motar Mursal, ta shiga ita kaɗai, ta gaya wa yaron mota inda za ta sauka tun kafin ya tambaya.